Ranar da na ƙara wa jirgin Malam mai

Ni ba mai fita ba ce. Shekara goma sha ina markaɗe a tsakar gida da injina, duniya ce ke zuwa ta same ni da bokitin wake a ka. Boko kuwa, aji uku na yi aka ce ya isa. Sai dai Allah ya ba ni kunne. Inji ya yi tari sau ɗaya, na san abin da ke damunsa.

Da zaman ƙauyenmu na wajen Zurmi ya gagara, muka baro gona muka dawo Kaura. Malam, maigidana, sai ya daina magana. Mutumin da ke kwana yana lissafin damina ya koma kallon bango. Abin da ya tashe shi, ɗan jirgin sama ne da ya fara haɗawa da soso da falanki, ya ɗaura masa injin tsohuwar na'urar feshinmu, ya sayo rimot. Mutane suka ce dattijo ya koma wasan yara. Na ce ku bar shi, ai yana cin tuwo yanzu.

Sau biyu jirgin na tashi a filin bayan gida, sau biyu yana faɗowa. Daga gindin murhu nake jin komai: ya yi ƙara siririya mai daɗi, ya ɗaga, sai muryar ta shaƙe, sai shiru, sai tim. Bayan na biyun Malam ya ce in ya sake faɗuwa, a murhuna zai ƙare. Na san ba jirgin kaɗai zai ƙare ba, bango zai koma kallo.

Ranar gwaji na uku ƙaninsa ya zo daga Shinkafi, bakaniken babura ne mai ji da kansa. A zaure suka tada injin, ƙanin yana ta matse ɗan sukurun da ke sakin fetur, ƙarar na ƙara sirancewa, yana murna. Na ajiye ludayi na leƙo.

Na ce, "Yunwa kuke ba shi. Ku sassauta mai."

Ƙanin ya kwashe da dariya. "Matar yaya, mi kika sani? Wanga jirgi na, ba injin ƙosai ba."

"Ƙosan da ka cinye kwano guda ɗazu? Malam, ɗaga mishi hanci sama in ji."

Malam ya ɗaga hancin jirgin yana kallon rufi. Ko ƙirga biyar ban yi ba injin ya shaƙe ya mutu.

Na ce musu injina ma haka yake. In ya fi kowa zaƙin murya ba komai a cikinsa, ina zuba masara zai durƙushe. Inji da kaya a kansa ake saurarensa. Wannan kuwa in ya ɗaga kai, sai man ya yi hawa kafin ya iso.

Ƙanin ya ce zai yi hayaƙi, zai ci mai, zai yi nauyi. Na ce ya ci, ba daga tukunyarka ba. Na karɓi sukundireban da hannuna mai ƙullu, suka sake tayarwa, na dinga buɗewa kaɗan kaɗan har muryar ta yi kauri, da ɗan gurnani a ƙasanta. Malam ya ɗaga hanci. Bai mutu ba, sai ma ya washe.

Suka ce in zo fili in gani. Na ce ina da markaɗen mutane, kuma ba ido nake buƙata ba. Ina tsaye ina tsame wake na ji ya haye, ya zaga ta kan masallaci, ya dawo, ya sake zagawa, murya ɗaya ba tangarda.

Ya sauka a gonar wake ya karya ƙafa ɗaya, in ji su. Malam ya shigo da shi a kafaɗa, tun daga zaure yake magana, wai zai ƙara masa tsawon fiffike. Ya tsaya kusa da murhu ya ce, "Ke, gobe in na tada shi, ki kasa kunne."

Na ce, "Da can mi nike yi?"