Buhun Geron Inna Da Ba Ya Ƙarewa

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai a kan kurakuran mutane, yau ga nawa na kawo, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin da abin nan ya faru ni mataimakin darakta ne a wata ma'aikata a Dutse. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, da gidan kaina a Limawa, da mota mai sanyi wadda maigadi ke ƙamewa idan ta shigo ofis. Albashina irin wanda ƙaramin ma'aikaci zai ji ya riƙe baki ne. A ƙauyenmu kuwa, can bayan Miga, ni ne misalin da ake ba yara idan sun ƙi zuwa makaranta. Asalinmu makiyaya ne, kakanninmu suka gaji da yawo suka zauna suka haɗa kiwo da noma. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya san gidajenmu ya san kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari: ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ba ta cin abinci a gabana. Goggo, ƙanwar mahaifina da ke maƙwabtaka da mu, ita ta raine ni. Idan Inna za ta yi magana a kaina sai ta ce na Dutse, kuma da Goggo take maganar, ko da ina durƙushe a bakin ƙofa ina jinsu.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ƙannena mata duk suna gidajen mazajensu a nesa, Inna ta rage ita kaɗai da shanunta biyar. Da su take rayuwa. Ta tatsa, ta kai nono da man shanu cikin Miga, ta dawo da gishiri da sabulu da hatsin da za ta ci. Ni kuwa abin yana ƙona mini rai. A ce uwar mataimakin darakta tana tafe a rana da ƙwarya a ka? A lokacin kuma ginina na Limawa ya tsaya a wajen rufi. Sai na haɗa biyun na mayar da su shawara ɗaya, na je na ce wa Goggo ta gaya mata ta huta haka nan, a sayar da shanun, ni na ɗauki cinta da shanta har ƙarshen rayuwa. Goggo ta yi ta faɗa, ta ce saniya tana haihuwa, albashi kuwa ba ta taɓa jin ya haihu ba. Na yi dariya na ce Goggo ba ta san aikin gwamnati ba. Inna ba ta ce uffan ba, tana ta gyara bakin faifai, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin yarda. Na manta cewa ko ba ta yarda ba, ba ni za ta buɗe baki ta yi wa musu ba.

Aka sayar da shanun, na yi rufin ginina da kuɗin. Shekara biyu na cika alkawari. Duk ƙarshen wata sai na cika bayan mota da gero da shinkafa da mai da sukari na nufi ƙauye. Sai kaya suka fara tashi. Fetur ya fara, sauran suka bi shi a guje. Ni mutum ne mai son bin diddigin abu, kuma wallahi da farko abin mamaki yake ba ni fiye da tsoro. Alat ɗin albashi zai shigo wayata, in ji ni kamar sabon ango, amma kafin goma ga wata sai in duba waya in ga kamar an yi shara. Ina kuɗin nan suke shiga? Ban ƙara aure ba, ba na caca, ko sigari ba na sha. Na zauna na lura, sai na ga ba wani ɓarawo, rayuwata ce kawai take cin abincinta. Mota ta sha mai, janareta ya sha nasa, makarantar yara ta turo takardar ƙari, gas ɗin girki ya ƙare ranar da ba a zata ba. Ga 'yan uwa da ke cika mini zaure daga ranar da suka ji an yi albashi, kowa da takardar asibiti ko katin biki, kuma mai muƙami irina ba ya miƙa abin da bai taka kara ya karya ba. An yi mana ƙarin albashi, na yi murna, kafin ya iso hannuna kasuwa ta riga ta ji labari. Abu ɗaya ne ban taɓa tunanin yi ba, wato in rage wani abu. Yara su sauya makaranta? In shiga adaidaita a gan ni? Allah ya kiyaye.

Abin dariyar ma, ba ni kaɗai ba ne. Daga ashirin ga wata, idan ka bi dogon barandan ofishinmu, za ka ga manya cikin shaddoji masu maiƙo kowa na leƙa wayarsa, ana gaisawa ana tambayar juna ko an ji motsin albashi. Wata rana na tarar da wanda ke gaba da ni ya kashe sanyin motarsa ya sauke gilashi, yana ta gumi, ya ce wai likita ne ya hana shi sanyi. Na ce masa nawa likitan ma haka ya ce.

A cikin wannan hali kayan Inna suka fara raguwa. Shinkafa ta fita, sukari ya bi ta, zuwan wata-wata ya koma na bayan wata biyu. Da kaka, lokacin da hatsi ya ɗan yi sauƙi, na daure na sayi buhun gero guda na kai mata, aka jingine shi a kusurwar ɗakinta. Daga nan duk zuwan da zan yi, idona kan fara sauka a kan buhun nan. Yana nan tsaye, an naɗe bakinsa, gero ya cika shi har wuya. In ce wa Goggo ta tambaye ta ko akwai abin da ya ƙare, Inna ta juya fuska ga bango ta ce a gaya wa na Dutse akwai komai. Sai in ajiye 'yan canjin cefane in kama hanya da sakakkiyar zuciya. Wata uku, wata biyar, buhu bai ko rankwafa ba.

Abin ya tsaya mini a rai, amma ta fuskar sha'awa. Na riƙa ba da labarinsa a ofis, ina cewa ni na ga albarka da idona. Na riƙa tsokanar maiɗakina, ina cewa ita buhun shinkafa ba ya kai mata wata, ta je ƙauye Inna ta koya mata tattali. Ta ce ita dai ba ta yi karatu mai zurfi kamar nawa ba, amma ta san mutum ko shi kaɗai ne, idan yana ɗiba dole a ga gurbi, don haka in bincika. Na ce kishi ne kawai. Har limamin unguwarmu na tara bayan la'asar na tambaye shi ko abinci kan ƙi ƙarewa saboda albarka. Malam ya ce albarka gaskiya ce, babu mai musunta, amma idan na sake zuwa in duba murhun tsohuwar in ga ko tokarsa ta yau ce. Na yi murmushi, a raina na ce Malam bai san Inna ba.

A wata na bakwai, ana tsakiyar zafin bazara, albashi ya yi jinkirin 'yan kwanaki. 'Yan kwanaki fa kawai! Amma da yake kullum a bakin gaɓa muke, sai gidana ya tsaya cak. Maiɗakina ta kira ni kicin ta buɗe mini robobi ɗaya bayan ɗaya, babu abin da za a ɗora gobe. Na rasa wanda zan tunkara, domin duk wanda na sani ni yake tunkara. A nan ne wata dabara ta zo mini, wadda har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni: tunda buhun Inna ba ya ƙarewa, me zai hana in ɗebo kwano biyar a yi wa yara tuwo da kunu kafin alat ya shigo? Man da ke motar ba zai kai ni ba, sai na bar ta a gida, na sa hula na ja ta har gira, na shiga motar haya da wani ƙaramin buhu a naɗe a aljihu.

Na isa da hantsi, ban yi wa kowa waya ba. Ɗakin Inna a saye yake da asabari, ba ta nan. Na ji daɗin hakan, na ce in gama ɗiba kafin ta dawo. Na ɗauki kwanon awo na cika, na juye. Na sake cikawa. A na uku sai bakin kwanon ya ci karo da wani abu mai laushi. Na sa hannu na share geron, sai ga tsohon zane an shimfiɗa. Na ɗaga zanen. Ƙaiƙayi ne. Na zura hannu har gwiwar hannu, har kafaɗa, har na taɓo gindin buhun, babu ƙwayar hatsi ko ɗaya, ƙaiƙayi ne aka danna shi ya yi tauri. Na fito tsakar gida na nufi murhu, na tarar kaza ta yi wurin kwanciya a cikin tokar.

A haka Goggo ta same ni, hannuna fari fat da ƙura. Ba ta tausaya mini ba ko kaɗan. Ta ce geron ya ƙare tun watanni uku da suka wuce, domin Inna ba ta iya hana maƙwabta idan sun zo neman na kunu, tunda kowa ya san ɗanta babban mutum ne. Ta ce su biyu suka ɗebo ƙaiƙayin daga masussuka, suka danna shi da taɓarya, kuma Inna ta sa ta rantse ba za ta gaya mini ba. Na tambaya don me. Goggo ta ce don kada mata su shigo su ga buhu a kwance su ce na Dutse ya gaza, kuma don ni kaina, saboda Inna ta lura duk zuwan da nake yi wuyan rigata yana ƙara yi mini yawa, ta san abin da ke kaina ya fi ƙarfina. Na ce to me take ci? Ta ce abin da na raba ta da shi ta koma yi, sai dai yanzu nonon wasu take ɗauka ta kai Miga a ƙafa a ba ta lada, ranar da babu nono kuma ta yi surfe a gidajen mutane. Da rana ta sha fura, da dare su ci abin da Goggo ta dafa. Geron saman buhun kuwa daga ladan surfen take sabunta shi don kada ya yi ƙwari in gane.

Muna cikin haka Inna ta shigo da ƙwarya a ka, ƙafafunta sun yi furu-furu. Ta ga asabari a ɗage, ta ga ƙaiƙayi a warwatse a bakin ƙofa, ta ga ƙaramin buhun da na zo da shi da gero kwano biyu a ciki. Babu mota a waje. Ba sai an yi mata bayani ba. Na durƙusa ina jiran faɗa, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta sauke ƙwaryar, ta shiga ɗaki, ta tattara ɗan geron da ya rage a kan zanen nan har da na cikin lunguna, ta juye a buhuna, ta ɗaure bakinsa. Sannan ta juya wa Goggo ta ce a gaya wa na Dutse ya yi sauri kada ya rasa mota, yara ba sa jure yunwa kamar manya.

Na karɓa, Edita. Ba ni da yadda zan yi, gidana babu abinci. Na rungume geron nan a cinya tun daga Miga har Dutse ina kallon taga don kada fasinja su ga fuskata. Tuwon da aka yi da shi yara suka ci, ni na kasa kai loma.

Da albashi ya shigo ban biya ta ko'ina ba sai kasuwar hatsi. A watan nan na sa motar a kasuwa, na sayi babur, na mayar da yara makarantar da zan iya biya ba tare da na riƙe numfashi ba. An yi ta magana a ofis na sati biyu, daga nan kowa ya koma leƙen wayarsa. Ranar kasuwar Jahun na sayi karsana biyu na kai ƙauye. Goggo ta ce washegari tun asuba ta ji Inna tana yi musu magana da Fillanci. Biyu ba biyar ba ne, kuma watannin da ta yi tana surfe a gidajen mutane ba ni da kasuwar da zan je in sayo mata su.

Abin da na koya shi ne, ni ma buhun nan ne, shadda da mota a sama, ƙasa kuwa babu komai, sai dai ita ta yi nata don ta rufa mini asiri, ni na yi nawa don a ce da ni wani ne. Ina kira ga 'yan uwana masu babban albashi da ba ya kai su ƙarshen wata, ku rage tun kuna da zaɓin abin da za ku rage, domin idan kuka ƙi, ragin zai faɗa kan wanda ba zai iya buɗe baki ya yi ƙorafi ba. Kada ku raba tsoho da sana'arsa saboda kunyar idon mutane. Idan kuma iyayenku suka ce akwai, kada ku tsaya a kan maganar. Ni yanzu duk ranar da na je gida, bayan gaisuwa, sai na naɗe hannun riga na zura hannu a buhun Inna har sai na taɓo gindinsa, ita kuma ta juya fuska ga bango kamar ba ta gani ba.