Rabin buta a Garatu

Shekarar da na haifi ɗana na fari, babu wanda ya ci ribata a Limawa ta Minna kamar mai ruwan unguwarmu. Da ya turo kurarsa ƙofar gidanmu ba ya ma tambaya, sai dai ya hau sauke jarkoki. Alwalata ce ke cinye ruwan.

Waswasi ne ya kama ni bayan na gama wankan jego. In wanke fuska, in kai ga ƙafa, sai zuciyata ta ce gwiwar hannu ba ta jiƙe ba, in koma farko. In tayar da salla, ta ce niyyar ba ta ƙullu ba. Azahar takan kai ni gab da la'asar, yaro na tsala kuka a ɗaki, ni ina tsugune a bakin rariya, yatsuna sun yi fari sun yamutse. Gajiyar da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sa a zuciyata Allah ya juya mini baya, ba ya karɓar komai daga gare ni. Tsoronsa kawai nake ji, babu ko ɗigon daɗi a ciki.

Mutanen gida lallaɓa ni suke yi kamar ƙwai. Maigidana ya kawo rubutu na sha. Mahaifiyata in ta zo sai ta zuba mini ido tana sharar hawaye. Kowa ya rage murya idan na shigo, hakan kuma ya ƙara tabbatar mini cewa abin nawa ya yi nisa.

Mutum ɗaya ce ba ta rage murya ba, wato maƙwabciyata, Banufiya 'yar Bida mai sayar da doya. Ni kuwa kakana daga Katsina jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, kuma kowa ya san Bakatsine da Banufe abokan wasa ne, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a riƙe shi. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Takan leƙo ta katanga ta same ni a bakin rariya.

"Bakatsine, kifi ne kai? Bari in kawo gishiri."

Haushi ya kama ni, na ce, "Baiwata, wa ya ba ki izinin leƙa gidan iyayen gijinki?"

Sai bayan ta sauka na lura rabona da in mayar wa wani magana an daɗe.

Wata ranar kasuwa ta ce in raka ta Garatu sarin doya. Na kawo uzuri iri-iri, ta ɗauke ɗana ta goya, ta yi gaba. Dole na bi goyona. Keke napep ya kai mu tasha, mota ta sauke mu cikin tulin doya, ga matan Gbagyi suna ta shigowa da kaya a kafaɗa. Tana ciniki da Nufanci, tana faɗa da Hausa, tana nuna ni tana cewa baiwa ta sayo mai shan ruwa da yawa. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Da aka kira azahar dariyar ta ɗauke. Babu famfo a kusa, rijiyar kuma da nisa. Ta zaro buta ɗaya daga buhunta, muka koma bayan wata rumfa. Ta yi alwala da rabi, ta miƙo mini saura.

"Wannan ba zai ishe ni ba," na ce.

"Ya ishe ni, kuma na fi ka ƙiba. Yi, ina kallo."

Na tsuguna na fara. Ta tsaya a kaina, idonta a kan kowace gaɓa. Ina gama ƙafar hagu muryar waswasin nan ta taso, wai gwiwar hannu. Akwai ɗan ruwa a gindin butar, na kai hannu. Ta riga ni, ta tuttule shi a ƙasa, ƙasa ta shanye nan take.

Na fashe da kuka. "In Allah bai karɓa ba fa?"

"Ni na gani, ya jiƙe. In an tambaya a lahira, ka ce a kira Banufe." Ta juyo mini da goyon. "Wannan yaro, in ya yi kuka, kana cewa ya sake, bai yi daidai ba? Da gudu kake zuwa. To wa ya sa maka wannan tausayi a ciki? Kai ka fi shi ne?"

Malamai sun gaya mini irin wannan da ayoyi, na kuma yarda da su, amma a kunne maganar take tsayawa. A ranar ta wuce ciki, wataƙila don babu sauran ruwan da zan koma wa. Maƙwabciyata ta shimfiɗa buhu, ta tsaya kafaɗarta na gugar tawa. Muryar ta ce niyya, na ce Banufiya ta gani, na yi kabbara.

Da na sallame rana tana nan inda take. Na saba in idar a gigice, wata sallar na jirana. Yau ga lokaci a hannuna, ban san yadda zan yi da shi ba. Na ɗaga hannu in yi roƙo, na rasa abin roƙa, sai godiya ke ta fitowa. Daɗi ya cika ni, irin na wanda ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofa, ashe a buɗe take.

Waswasin bai tafi a ranar ba. Ya yi ta dawowa, ita ma ta yi ta leƙowa ta katanga tana cewa, "Na gani, tashi!" har ya gaji ya rage zuwa.

Bayan 'yan makonni mai ruwa ya yi sallama, fuska ba walwala, ya tambaya ko mun haƙa rijiya ne. Kafin in buɗe baki aka amsa masa daga bayan katanga.

"Kifin ya warke. Kawo jarka ɗaya."