Sunayen da Bashir Ya Rufe

Shekara huɗu ke nan da muka kai ƙanena Bashir makwancinsa a Kaura Namoda. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, aikina rubuta lodi ne a tashar mota, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, daki-daki.

Da fari, Bashir ya koyi wani yaren kwamfuta da ake kira JavaScript. Da shi ya gina wa direbobinmu shafi a intanet. Direban da ya biyo hanyar Shinkafi ko ta Zurmi ya ga alamar 'yan bindiga zai turo saƙo, sauran su karanta kafin su tayar da mota.

Wahalarsa duka tana kan rubutun saƙon. Ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini. Ita kwamfuta, in ji shi, ba ta san mutum ba, jerin haruffa kawai take gani. Sai ya umarce ta ta bi saƙon harafi bayan harafi, ta bar sunan ƙauye da lokaci, amma duk inda ta ci karo da sunan direba ko lambar waya ta share, ta jera taurari a gurbin. Na ce ɓata lokaci ne, ai duk mun san juna.

Ya ce, "Yaya, ba mu kaɗai ka karatu ba. Masu kai wa 'yan bindiga rahoto ma suna da waya."

Sai rashin lafiya ta zo, ta tafi da shi. Ranar addu'ar uku abokinsa Lawali, wanda Bashir ya koya wa aikin da hannunsa, ya riƙe hannuna gaban jama'a ya ce, "Yaya, wanga aiki amana ne a wuyana."

Shekara ba ta zagayo ba ya cire umarnin nan. Wasu masu tallafi daga birni ne suka ce saƙon da ba suna ba abin yarda ba ne, shi kuma yana son su yaba masa. Bai shawarci kowa a tasha ba.

Wanda abin ya fara faɗa wa shi ne Malam Sani, direba daga Kurya Madaro. Ya turo gargaɗi da safe, sunansa da lambarsa suka fito sarari. Kafin la'asar an kira shi, an faɗa masa launin ƙofar gidansa. Ya kwashe iyalinsa ya bar gonarsa da dawa a tsaye, har yau bai koma ba. Daga nan direbobi suka daina turowa.

Na sami Lawali a shagonsa. Ya ce, "Haba Yaya, layi biyu ne fa na goge."

Da Bashir zai leƙo yau, ba na jin shafin da ya zama kango ne zai fi ƙona masa rai. Zai tambayi inda Malam Sani yake kwana, kuma ba ni da amsa mai daɗi.

Me ya rage nasa? Direbobin da suka juyo daga hanya saboda gargaɗinsa suna nan da ransu, suna ɗaukar 'ya'yansu. Wannan ba mai goge shi. Shafin kuwa, Lawali ya rubuta a samansa cewa sadaukarwa ne ga marigayi Bashir. Na je har sau biyu na ce ya sauke sunan ƙanena daga wurin. Gobe in Allah ya kai mu zan koma.

Allah ya jiƙan Bashir, ya mayar da Malam Sani gidansa lafiya.