Rimot mai karyayyar eriya

"Malam, in gaya maka gaskiya, eriyarsa ta karye. Ba zai iya tada jirgi a fili ba."

Haka mai gyaran rediyo ya faɗa mini jiya a kasuwar Zuru, yana riƙe da tsohon rimot na jirgin sama na wasa. Na daɗe ina neman mai araha, don sabo ya fi ƙarfina.

Na ce masa, "Ba komai, da wayar kebul zan haɗa shi da kwamfuta. Mai shi ma ba ya fita fili."

Yayana nake nufi. Muna yara a Dabai, shi ke ƙera mana jirgi da karan dawa. Ya shiga soja, ya dawo a keken guragu. Tun daga nan ko tagar ɗakinsa ba ya so a buɗe.

Na haɗa masa manhajar koyon tuƙin jirgin. Ya ɗora manyan yatsunsa a kan sandunan rimot, jirgi ya tashi a allo, ya karkace, ya faɗi ya tarwatse.

Na danna maɓalli, sai ga shi ya dawo sabo fil.

Yaya ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ƙanena, shi ke nan? Dannawa ɗaya, ya miƙe?"

Na fita tsakar gida na share hawaye.

Masu jinyar ɗan'uwa a gida, don Allah me kuke cewa idan aka yi muku irin wannan tambaya?