Maɓallan da Aka Ɓoye a Akwatin Majami'a

Shekara goma sha bakwai na yi ina gyaran famfon tuƙa-tuƙa, amma wasiƙar da aka sallame ni da ita layi huɗu ce kacal. A layi na uku aka rubuta cewa na yi ƙaryar aiki. Ni! Ni da nake dattijon ikilisiya, nake tsayawa gaban jama'a ranar Lahadi ina karanta sanarwa. Rasa aikin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma kalmar nan ce ta fi cin raina.

Wata ƙungiya ce ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukanmu, ofishinta yana Kafanchan. Famfo goma sha biyu ne a hannuna, daga bayan gari har can wajen hanyar Kagarko. Kayan aikina ba su da yawa: babur, jakar sufana, gwangwanin giris, da robobi a leda. Da kunne nake sanin ciwon famfo. In mace ta tuƙa hannun sau uku ina tsaye, zan gaya mata ko roba ce ta cinye a ƙasa, ko sarƙa ce ta bushe, ko boris ɗin da hannun yake juyawa a kai ne yake shirin mutuwa. Ba yabon kai ba ne, ku tambayi matan da suke ɗibar ruwan.

Sai aka turo mana wani injiniya daga Kaduna. Gidansa yana Sabon Tasha, ranar Litinin yake zuwa, Jumma'a ya koma. Oga muke ce masa, ko da yake na girme shi nesa ba kusa ba. Shi ya kawo sabon tsari. Wani ɗan baƙin abu ne mai kama da maɓallin riga, don haka muka sa masa suna maɓalli. Ba batir a cikinsa, ba komai da ido zai gani. Da gam ake manna shi a wuyan famfo. Aka ba kowane makanike waya. In ka je, sai ka kara bayan wayar a jikin maɓallin, ta yi ƙara ɗit, lambar famfon ta fito, ka danna abin da ka gyara. Nan take kwamfutar ofis za ta nuna famfon da launin kore. In wata ya wuce ba a kara waya ba, ya koma ja.

Gaskiya abin ya burge ni da farko. Na ce to, madalla, yanzu na zaune a ofis za su san wahalar da muke sha a hanya da damina. Har matata na nuna wa wayar ina murna. Kai, in na tuna murnar nan sai in ji haushin kaina.

Ranar da muka je manna maɓalli a wani ƙauye na manoman citta, Oga ya tara mutane a bakin famfo. Yana so su ɗauki abin da muhimmanci, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kun ga abin nan? Shi ne ran famfonku. In ya ɓace, ofis ba zai san da ku ba, ba wanda zai zo muku gyara." Haka ya riƙa faɗa a kowane ƙauye. A gaban taron akwai shugabar zumuntar mata, wata tsohuwa gajera mai kaifin ido, kowa Mama yake ce mata, har fasto. Na ga ta matso ta duba maɓallin da kyau, ta gyaɗa kai.

Ba a yi wata biyu ba yara suka ɓamɓare na wani ƙauye da wuƙa, suka yi wasa da shi har ya faɗa cikin ciyawa. Labari ya kai taron zumuntar mata na gunduma. Ni ban san an yi wannan magana ba. Abin da na sani shi ne na isa ƙauyen Mama wata safiya, na sa giris, na ɗaure notuna, na ciro waya zan kara, sai na ga wuyan famfo babu komai sai zagayen busasshen gam.

Na ce, "Yesu! Mama, an sace maɓallin!"

Ta yi dariya, ta ce, "Wa zai sace muna raye? Zo ka gani, Baba."

Ta ja ni har majami'a, tafiya mai ɗan nisa daga famfon. Ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta buɗe akwatin da ake ajiye kofunan jibin Ubangiji da farin mayafin tebur. A can ƙasa ta ciro hankici a ƙulle. Ta warware shi a hankali da hannu biyu, ga maɓalli kwance a ciki, har an goge shi.

Ta ce, "Mun yanke shawara a taro. Kowace ikilisiya ta cire nata ta ajiye. Ran famfo ba abin bari a waje ba ne."

Na ce, "Mama, ai a jikin famfo ake barinsa."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Ba ka wurin lokacin da Oga ya yi magana? In ya ɓace kai za ka ba mu ruwa?"

To, wanda ya taɓa jayayya da zumuntar mata ya ɗaga hannu. Fasto da kansa ba ya yi. Kuma in faɗi gaskiya, abin ya taɓa zuciyata, domin a wurinmu duk abin da yake da daraja a akwatin nan yake kwana. Na kara wayar a kan hankicin, ta yi ɗit kamar kullum, lamba ta fito, na danna giris da notuna. Na ce a raina ai shi ke nan, aiki na yi shi, waya ta amsa. Nan ne kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa shi. Ya kamata in koma ofis ranar in faɗa. Ban faɗa ba, don ba na so a zo a yi wa tsofaffin nan faɗa a gaban jikokinsu.

Abin da ban sani ba shi ne wayar tana rubuta wurin da mutum yake tsaye a lokacin da ya kara ta. Wataƙila an faɗa mana ranar koyarwa. Da Turanci aka yi, da sauri, ana nuna hotuna a bango, ni kuwa ina fama da inda ake dannawa.

Wata uku na yi a haka, a ƙauyuka bakwai. Wahala ma ta ƙaru mini. In na gama gyara sai in shiga neman mai riƙe da makulli. Wata tana gonar citta, wata ta tafi kasuwa, wata tana gidan makoki a ƙauyen gaba. Sau da yawa na zauna a dakalin majami'a hannuna duk giris ina jira, don kawai waya ta yi ɗit. A wata ukun nan babu famfona ko ɗaya da ya kwana biyu ba ruwa.

Ana nan sai aka kama wani makanike na ɓangaren Kajuru. Shi da gangan ya ɓamɓare maɓallansa, ya tara a gwangwani, yana zaune a wurin shan burkutu yana kara waya ɗaya bayan ɗaya, famfunansa kuwa sun mutu. Daga nan aka ce a duba na kowa. Sai ga kira, wai in zo ofis.

Oga ya juyo mini da kwamfuta. Taswira ce, da ɗigo-ɗigo. Ya ce, "Baba, ga inda famfo yake. Ga inda ka kara waya. Ba wuri ɗaya ba ne. Famfo bakwai, wata uku."

Na ce, "A majami'a nake karawa. Mata ne suka ajiye su." Na ba shi labarin duka.

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa mai kame-kame. Ya ce, "Shi ma wancan ya kawo nasa labarin."

A nan raina ya ɓaci. Na ce, "Da wa kake haɗa ni? Da mashayi? Tashi mu hau babur yanzu, ka tuƙa famfo bakwai ɗin da hannunka. In ɗaya bai kawo ruwa ba, ka kira mini 'yan sanda!" Ya ce ba ruwa ake tambaya ba, abin da tsari ya nuna ake tambaya. Na buga tebur har kofin shayinsa ya zube. Na ce ashe mutanen ƙauye tsari suke sha. Na faɗi wasu maganganun ma da bai kamata dattijon ikilisiya ya faɗa ba, kuma na roƙi Ubangiji gafara a kansu, amma Oga ban roƙe shi ba. Bayan mako guda wasiƙa ta zo, iri ɗaya da ta mutumin Kajuru, suna kawai aka canja. Aka karɓe wayar.

A gari irin namu magana ba ta ɓuya. Ranar Lahadi na tashi zan karanta sanarwa, na ga mutum biyu a bencin baya sun haɗa kai suna raɗa. Wataƙila ba zancena suke yi ba. Amma daga ranar na ce a ba wani ya karanta.

Da Mama ta ji, ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo. Ta zagaya ƙauyuka bakwai ɗin ta karɓo maɓallan, ta sa anko na zumunta, ta hau mota zuwa Kafanchan. Ta biyo gidana ta ce, "Tashi, Baba, mu je." A ofis ta kwance hankici a kan teburin Oga, ta jera su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ɗana, ƙirga. Ko ɗaya bai ɓace ba. Kai ka ce mana ran famfo ne, mu kuma muka ajiye. In laifi ne, namu ne. Mutumin nan ko ana ruwan sama yana zuwa."

Oga ya daɗe yana kallon maɓallan. Na ga kunya a fuskarsa, wannan zan ba shi. Ya ce, "Mama, na gane. Amma ba ni na rubuta wasiƙar ba, daga sama ta zo. An riga an ba wani aikin."

Na ce, "Ku riƙe aikinku. Kalma ɗaya nake so a cire. A sake wasiƙar, a ce na yi kuskure, a ce ban iya waya ba, a ce ni tsohon banza ne ma na yarda. Amma ban yi ƙarya ba."

Ya ce zai rubuta musu. Na koma sau uku. Na farko ya ce ba su amsa ba. Na biyu ba ya nan. Na uku aka ce an mayar da shi Kaduna, sabon da na tarar kuwa ya buɗe kwamfuta, ya duba sunana, ya ɗago ya kalle ni da irin kallon nan. Ban ƙara taka ofishin ba.

Aka mayar da maɓallan wuyan famfo, aka ja wa mata kunne kada wanda ya sake taɓawa. Wanda aka ba aikina mutum ne mai iya waya sosai, kuma ba ya fashin zuwa.

Da rani ya yi nisa, Mama ta aiko mini da saƙo: famfo ya yi mako uku ba ruwa, mata sun koma rafi, sun je ofis an ce musu a kwamfuta kore yake. Na ce ba ruwana. Na faɗa da ƙarfi, matata tana ji. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wake. Washegari da sassafe na ga ta ajiye jakar sufana a kan babur.

Da na je na duba, silindar da ke can ƙasan rijiya ce, robarta ta cinye gaba ɗaya. Maza huɗu suka taya ni muka zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, rana tana dukanmu, bayana kamar zai tsinke. Wajen ƙarfe biyu muka mayar da komai. Mama ta kama hannun famfo ta tuƙa, ta tuƙa, sai ga ruwa, ja da farko, sannan fari. Mata suka yi guɗa, wata ta fara waƙar yabo. Ina durƙushe ina wanke giris da ƙasa, na ɗan ji sanyi a raina, karo na farko a cikin watanni.

Sai muka ji ƙarar babur. Mutumin da aka ba aikina ne, ranar zagayensa ce. Ya gaishe mu da fara'a, ya ga ruwa yana zuba, ya ce, "A'a, madalla." Bai ma kashe injin ba. Ya miƙa hannu daga kan babur ya kara wayarsa a wuyan famfo, inda yatsuna suka bar shaidar giris. Ɗit. Ya danna abin da zai danna, ya ɗaga mana hannu ya wuce.

Mama ta saki hannun famfon. Ta ce, "Baba, sunan wa ya shiga kwamfuta?"

Na ce, "Nasa."

Ta ce, "Kai fa?"

Na ce mata nawa yana nan inda suka bar shi, a layi na uku na wasiƙar. Na ɗaure jakata a babur, ta cika mini gora da ruwan, na kama hanyar Kafanchan.