Ranar da Iya Ta Kife Kaskonta

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin baƙo ya shigo gidanmu na unguwar Mafoni a Maiduguri ya fita ba tare da ƙamshi a rigarsa ba. Iya, mahaifiyata, da turaren wuta take tarbar mutum kafin ma ta ba shi ruwa. Ko mai gyaran famfo ne ya yi sallama, sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa ka'ajin da ta haɗa da hannunta, ta ce in miƙa masa ya turara rigarsa. A shekarun da gari ya rikice, lokacin da muke kwana da kunu tsurarsa, ban ga ta fasa ba. In na yi mita sai ta ce, "Yunwa a ciki take, wa ya gan ta? Wari kuwa kowa ji yake." Haka muka taso, ba mu da shi amma asirinmu a rufe.

Abin da ya fi ƙarfin turaren Iya shi ne lambatun da ya bi ta bayan layinmu. Babba ne, da can yana kwashe ruwan unguwa kaf, amma yashi da ledoji sun cike shi har awaki na tsallakawa ba sa jiƙa kofato. Kowace damina ruwa sai ya dawo mana cikin ɗakuna, baƙi ƙirin, da duk ƙazantar da ya kwaso. Aikin ƙaramar hukuma ne ta yashe shi. To, ni malamar firamare ce a ƙarƙashin ƙaramar hukumar, ba wanda zai ba ni labarinta. Albashinmu sai ya ga dama yake zuwa. An sallami masu shara, motar kwasar yashi kuwa tana can harabar sakatariya an ɗora ta a kan duwatsu, tumaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Kansilanmu ɗan unguwa ne, mai wankin hula a bakin titi. Tare da yayana marigayi suka tashi, a tsakar gidanmu ya koyi cin tuwo da hannun dama, shi ya sa Iya ba ta taɓa kiransa Kansila ba, sai dai ɗana. Da ya fito takara ni na bi gida-gida ina tallarsa a wurin mata, don ni dai Allah bai rage ni da baki ba. Ranar zaɓe Iya ta sa laffayarta mai ruwan goro, ta bi layi cikin rana da ciwon gwiwarta ta dangwala masa.

Shi ne ya zo mana da labarin cewa gwamnatin tarayya za ta tallafa wa garuruwan da suka shiga matsi, kuma namu na ciki. Ya ce ba zai yanke komai shi kaɗai ba. Ya kira taro a filin makarantar da nake koyarwa, Bulama, wato mai unguwarmu, ya zauna a gindin darbejiya, maza gefe, mata gefe. Kai, an sha gardama ranar! Wasu rijiyar burtsatse, wasu rufin asibitin unguwa, wani tsoho kuwa ya dage sai dai a raba wa kowa nasa ya san inda dare ya yi masa. Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar kudancin Borno da ke aikin akawu, ta miƙe ta ce ruwan lambatu ba ya tambayar wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa coci, duk ɗaki ɗaya yake shiga. Aka yi dariya, aka tafa mata. Da aka ce masu son lambatu su ɗaga hannu, na waiwaya na ga hannuwa ko'ina, har da na Iya. Wallahi ranar na koma gida ina jin mu ma wasu ne.

Bayan 'yan makonni wani matashin jami'i ya zo share fage kafin manyan kwamitin tallafin su iso daga Abuja. Ba mugu ba ne, yana da ladabi, har takalmi yake cirewa a bakin zaure. Ya zaga gidajen layin lambatu tare da Kansila, ya shigo namu, Iya ta sa na kai masa kasko kamar kullum. Ya turara rigarsa, ya yaba, sannan ya ja Kansila gefe. Ina daga madafa ina jin su.

Ya ce, "Ku mutanen Maiduguri matsalarku ke nan. Mutum bai karya ba amma yana ƙamshi kamar ango. Unguwanni da yawa ke jira, kuma manya da abin da ido ya gani suke aiki, da hotunan da za a koma da su. In suka shigo suka tarar da darduma da labule da wannan ƙamshin, za su ce ku ba ku da wata damuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da yamma Kansila ya dawo shi kaɗai. Ya durƙusa a gaban Iya yana murza hularsa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce gidanmu ne ya fi nuna shaidar ruwa, ga tsagar bango, ga layin da ruwa ya bari har ƙugun mutum. Yana roƙon ranar da baƙi za su zo a bar gidan yadda yake, kada a rufe komai, kada a kunna komai.

Na taso masa. Na ce, "Au, abin da muka zaɓe ka ka yi ke nan? Ka tone mana asiri a gaban baƙi?"

Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ni ma ba a son raina ba."

Iya ta ɗaga mini hannu na yi shiru. Sannan ta dube shi ta ce, "Ɗana, in an yi haka za a yashe lambatun?"

"In sha Allahu, Iya."

"To."



Safiyar ranar ita da kanta ta naɗe dardumar ɗakinta ta tura bayan ƙofa. Ta sauke labulen da ya yi shekaru yana rufe tsagar bango. Ta ɗaura tsohon zanin da take shiga madafa da shi, ta yafa wani ɗankwali da ya koɗe. Sannan ta ɗauki kaskonta ta zubar da tokar jiya, ta kife shi a ƙarƙashin gado. Kafin hantsi na fara jin abin da ban taɓa ji ba tsawon zamana a gidan: warin gidanmu na ainihi. Danshi, da ruɓaɓɓen ruwa, da bangon da bai taɓa bushewa ba. Ashe abin da Iya ke yaƙi da shi ke nan kowace safiya.

Suka iso da motoci har layin ya cushe. Maza da manyan riguna, mata biyu ko uku, da masu ɗaukar hoto. Iya ta tarbe su a tsakar gida tana tafa hannu a hankali irin na gaisuwarmu, tana cewa wushe, wushe. Na ga idonta ya kai ƙofar ɗaki inda kaskon ke zama, ya dawo. Ɗaya daga cikin matan ta ja bakin mayafinta ta rufe hanci. Ba da wulaƙanci ta yi ba, ko ni ce zan iya yi, amma na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Mai hoto ya ce Iya ta tsaya kusa da tsagar bangon ta nuna inda ruwa ke kaiwa. Ta tsaya ta nuna. Ta yi murmushi, don ita ba ta san yadda ake kallon baƙo ba murmushi ba. Ya ce, "Mama, daina dariya." Ta daina. Matar nan ta dafa mata kafaɗa ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Iyata ce fa, wadda amaren unguwa ke layi a ƙofarta don ta haɗa musu turare. Na laɓe a bakin madafa, kunya ta hana ni fitowa ko gaishe su, na yi ta addu'ar ƙasa ta tsage.

Na ce a raina ba komai, in dai lambatun zai samu.

Daga nan aka koma filin makaranta. Kansila ya miƙe cikin rigarsa ta Juma'a ya yi bayani tiryan-tiryan: unguwa ta zauna, ta yi shawara, ta ɗaga hannu, lambatu take so. Shugaban kwamitin ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce ya ji, kuma ya ga halin da ake ciki da idonsa, amma shirin iri ɗaya ne a duk garuruwa, an riga an tsara shi tun daga can: fitilun sola a kan tituna da buhunan abinci. Su za su kawo masu aikinsu, su za su sa ido, ba ta hannun ƙaramar hukuma zai bi ba. Lambatu kuwa, a doka, aikin ƙaramar hukuma ne.

Kansila ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaramar hukumar ba ta da ko na man mota. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Manya suka yi dariya, suka ce wannan gaskiya ne, Kansila ya iya magana. Aka gode masa. Sai wani ya ce tunda shi ya san mutanensa, ya taimaka ya shirya layin karɓar abinci. Ina tsaye na ga mutumin da muka tsaya cikin rana muka zaɓa yana jera mu, mata nan, maza can, ku matsa baya. A filin nan dai da muka ɗaga hannu. Na karɓi buhuna kamar kowa, don muna buƙata, ba zan yi ƙarya ba. Na ɗora shi a keke na kawo gida ban kalli fuskar kowa ba.

Fitilun sun zo, kuma suna da kyau, masu shayi da masu tsire sun ji daɗinsu. Guda ɗaya a bakin lambatun aka kafa ta. Hoton Iya ma ya zo. Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini shi a wayarta, wai ta ga kamar mamana. Ga Iya da tsohon zani tana nuna bango, fuska ba walwala. Na ɓoye wa Iya, amma unguwa ba ta ɓoye komai, kafin la'asar ta ji.

Kaskon bai fito daga ƙarƙashin gado ba. Na mayar da labule, na shimfiɗa darduma, na hura garwashi na kawo mata, ta ce in kai madafa. "Wa zan rufe wa kuma? Duniya ta gani." Baƙi suka riƙa shigowa suna fita yadda suka zo. Wata amarya ta aiko a haɗa mata turare, Iya ta ce ba ta jin daɗi. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma duk na ɗora wa Kansila. Shi ma ya daina bi ta layinmu, sai ya zagaya ta bayan masallaci. Matasa na yi masa ihu, Kansilan layin shinkafa. Ni kuwa na tanadi maganganun da zan faɗa masa duk ranar da muka haɗu, kullum ina ƙara musu yaji.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka wata Asabar da hantsi, ya shigo mana kamar yadda ya saba. Muna cikin kwalfewa da bokitai bayan azahar sai na ji sallama a zaure. Kansila ne, wando a naɗe har gwiwa, shebur a hannu, baƙin taɓon lambatu har ƙirjinsa. Tun da ruwa ya tsagaita yake ciki shi da wasu 'yan maƙwabta, mijin akawun nan na cikinsu, suna buɗe wa ruwa hanya da hannu. Abin da suka yashe bai kai tsawon gida biyu ba. Ya ce ya zo ne ya ga ko bangon Iya ya tsaya, ba zai shigo ba, jikinsa wari yake.

Na buɗe baki. Duk maganganun nan suna kan harshena.

Iya ta ce daga ɗaki, "Ɗana ne? Ce masa ya shigo." Sannan ta ce da ni, "Miƙo mini kaskon nan."

Na durƙusa cikin ruwa na jawo shi, ya jiƙe sharkaf. Ta goge shi da bakin zaninta, ta sa na ɗebo garwashi a madafa, ta buɗe kwalbar ka'ajin da take ajiye wa manyan baƙi ta zuba da yawa. Ba ta ba ni in miƙa ba, ita ta taka da gwiwar nan tata ta kai masa.

Ya ce, "Iya, ni na jawo miki. Kuma ban kawo komai ba."

Ta ce, "Su waɗancan ban san su ba. Kai na dangwala wa. Turara rigarka."

Ya ajiye shebur, ya sunkuya, ya ja gaban rigarsa mai taɓo ya rufa a kan hayaƙin, kansa a ciki. Ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗunsa na rawa. Ni da na tanadi zagi na tsaya riƙe da bokiti, na rasa inda zan sa idona. Ruwan lambatu na kwance a tsakar gida har idon sawunmu, Iya ta dube ni ta ce in ƙaro garwashi.