Kibiyar da Muka Kawo wa Baba

Ana sallame sallar asuba muka tayar da baburanmu daga Ƙofar Kuyambana, ni da ƙanina ɗan kawuna. Ku da kuka saba jin labaran yawona kun san ba na buƙatar dalili kafin in hau babur, amma wannan karon aike ne, kuma aiken Baba.

Baba yana ɗan shekara bakwai mahaifiyarsa ta rasu a ƙauyensu, can yamma da Giwa. Kawunsa ya ɗauko shi ya kawo shi birni ya koya masa ɗinkin riga, Baba bai sake komawa ba. Kullum cewa yake sai bayan sallah, sai bayan kaka, har mutanen ƙauyen suka tashi suka koma kusa da titi, har ƙafafunsa suka daina kai shi masallaci. Watan jiya ya ce mini abu ɗaya ke damunsa: zai mutu bai san inda Inna take kwance ba, kuma babu wani nasa da ya taɓa zuwa ya yi mata sallama.

Ƙanin nawa da masu awon ƙasa yake aiki, shi ya aro mana na'urar nan da suke kira GPS. Ba ta wuce ƙaramin rediyo ba, tana sauraron taurarin ɗan'adam ta gaya maka inda kake a doron ƙasa. Ni da na ji haka na ɗauka magana ta ƙare, sunan ƙauyen kawai za mu faɗa mata ta kai mu. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ba ta san ko'ina ba sai inda ka taɓa kai ta da ƙafarka ka ce ta riƙe. Wato mun aro ɗan jagora ne wanda mu za mu nuna masa hanya.

A Samaru layin mai ya yi tsawon da ba mu ga ƙarshensa ba, dole muka tsaya wajen 'yan bumburutu suka yanke mu son ransu. A Giwa muka karya da koko da ƙosai masu zafi, muka ƙaro batir, don na'urar akwai ci. Daga nan muka sauka daga kwalta. Damina ta zo ƙarshe, dawa ta fi mu tsawo hagu da dama, hanya kuwa duk zaizaya da kwatami.

Da farko a kan babur muka ɗaure ta da robar tsohon tub, don in riƙa kallonta ina tuƙi kamar wani matuƙin jirgi. Ba mu yi nisa ba ta ɗauke. Girgiza ce ke sa batir ɗin motsi. Muka cusa takarda a bayansu, ta koma aljihun gaban rigar ƙanina, a kowace mararraba mu tsaya ya ɗaga ta sama ya danna ta riƙe wurin. Wasu mata masu tallar nono suka tsaya suna kallonmu, ɗaya ta tambaya ko Rediyon Kaduna muke kamowa.

Kwatancen Baba kwatancen yaro ne ɗan shekara bakwai: rafi mai shimfiɗaɗɗen dutse, sai kuka biyu da suka haɗa reshe. Rafi uku muka tsallake, kowanne da dutsensa. Rana ta take, muka haƙura muka nufi sabon garin da mutanen suka koma.

A ƙofar masallaci muka sami wani dattijo yana tufkar igiya. Na faɗi sunan Baba, ya girgiza kai. Na faɗi sunan kakana, ya ci gaba da tufkarsa. Da na ce kakata daddawa take yi, sai ya ajiye igiyar.

"Ɗan mai daddawa? Wanda aka tafi da shi birni yana kuka? Yana nan da rai?"

"Yana nan, Baba. Shi ya aiko mu."

Bai ko shiga gida ba, ya tattare rigarsa ya hau bayana. Da hannu yake taɓa kafaɗata, dama ko hagu, har muka fito wani fili. Kufan ya zama gona, kuka ɗaya ce ta rage. Amma a gindin wasu ɗorayi akwai wurin da garma ba ta taɓa ba, ciyawa ta rufe shi. Nan ce maƙabartar. Babu tudu ko ɗaya, ƙasa ta daɗe da shafewa.

Ƙanina ya ɗaga na'urar. Muna tsaye wuri ɗaya amma lambobin sai canzawa suke. Ya ce haka take, takan kuskure da kamar taki ɗari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na baro tsoho da alkawari, in koma in ce masa taki ɗari?

Dattijon ya ce, "Malam, ko waɗanda suka haƙa da za su dawo ba za su nuna maka nata ba. Ka yi wa duka sallama, tana cikinsu."

Muka cire takalma muka yi sallama, muka yi addu'a. Ban taɓa ganin matar nan ba, ko hotonta babu, amma na yi kuka sosai. Ƙanina ya danna na'urar ta riƙe wurin, ya sa masa suna Inna.

Muka mayar da dattijon gida. A dawowa kam na'urar ta biya mu wahalarmu. Mararraba bayan mararraba ta mayar da mu kwalta ba mu tambayi kowa ba, ana kiran la'asar muka shigo birni. Abin da na koya shi ne, na'ura tana riƙe maka hanya, amma mutum ne ke fara nuna maka ita. Ku tafi da batir, ku tafi da gaisuwa.

Baba yana tsakar gida a kan buzunsa. Na ba shi labarin dattijon, ya faɗi sunansa tun ban gama kwatanta shi ba. Maganar taki ɗari na bari a ƙarshe, ina jin nauyinta. Ya ce taki ɗari ai cikin gida ne.

Sai ƙanina ya kunna na'urar ya nemo sunan Inna. Ya ɗan taka a tsakar gidan har ta gane gabas da yamma, kibiya ta fito a fuskarta ta tsaya tana nuna saitin rumbunmu. Ya durƙusa ya nuna wa Baba.

"Can take?"

"Can take, Baba."

Ya dafa ƙasa da hannu biyu. Na miƙa hannu zan taimake shi, ya ce in bari. A hankali ya juya jikinsa har ya fuskanci rumbun, ya gyara hularsa, ya yi ƙasa da murya.

"Salamu alaikum, Inna. Ni ne. Ki yi haƙuri, na daɗe."